Durƙuson Safara'u

Yaya Fadima,

Assalamu alaikum. Ya mutanen Bacirawa, ya aikin asibiti? Wayata ta mutu, shi ya sa na ba direban Bici wannan takarda.

Maganar matata ce, ƙanwarki Safara'u. Shekara biyu ke nan ta daina durƙusa wa Babanmu. A tsaye take gaishe shi kamar 'yar sanda, tuwo ma a tsaye take ci. Inna ta ce in ba ta gyara ba kafin girbi, ta koma gidanku. Na tambaye ta, ta ce ba komai. Ga gero ya ƙi bana, ga wannan. Na gaji.

Ki huta lafiya.
Iliyasu

Iliyasu,

Wa'alaikumus salam. A gaida su Baba.

Tun da na zo na ɗauke ta ba ka leƙo ba, to ga labari. Jijiya ce ta maƙale a ƙasan mararta tun haihuwar fari. In ta zauna ko ta durƙusa, ji take kamar an ɗora mata garwashi. A tunaninka za ta buɗe baki ta gaya wa surukai inda ke mata ciwo? Kai da kuke ɗaki ɗaya ma ba ka lura ba, ka ba ni haushi.

An yi mata aiki ranar Talata, an saki jijiyar. Likita ya ce wata uku babu durƙuso, in ba haka ba aikin zai iya lalacewa. Na san halinta, yanzu da ta ji sauƙi tana ganin Baba za ta zube. Ka gaya masa kafin ta dawo.

Allah ya bar zumunci.
Fadima

Yaya Fadima,

Gaisuwa mai yawa. Na kasa gaya masa. Ina ni ina yi wa mahaifina bayanin marar matata? Takardarki na ajiye masa a kan buzu, na tafi gona.

Ranar da ta dawo, tana jin takunsa ta fara lanƙwasa gwiwa. Bai shigo ba. Ya tsaya a bayan danga ya ce, "Sannu da jiki, Safara'u. Daga nan ba na ganinki, ki amsa yadda kike."

Yau kwana ashirin, kullum da safe haka. Inna ta ce tsoho ya zubar da girmansa. Shi yake fara gaisuwar.

Na gode.
Iliyasu