Rasuwar Farfesa Hadijatu Maliki Lau, Mai Dangwali

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, Ƙungiyar Masana Sinadaran Halitta ta Jalingo ta karɓi labarin rasuwar uwarta kuma fitilarta, Hajiya Farfesa Hadijatu Maliki Lau, wadda Allah ya yi wa cikawa a gidanta da ke Abbare.

Marigayiyar ta ƙarar da ƙuruciyarta da furfurarta wajen nazarin furotin, sinadarin da ke gina jiki, musamman nau'in da ba ya zama da siffa guda, wanda manyan masana suka daɗe suna ɗauka tarkace ne. Ita kuwa, 'yar ruga da ta tashi tana ɗaure maruƙa, ta ce dangwali ne: igiyar nan da ke yashe a ƙasa sakwa-sakwa, amma da zarar maraƙi ɗaya ya fizga a wannan baki, na can ƙarshe sai ya ji. Haka, a cewarta, sakakken furotin ke kai saƙo daga gefe zuwa gefe, kuma zafin da yake sha da wanda yake saki shi ne shaida.

An yi mata dariya a taruka, an maido mata da aikinta ba sau ɗaya ba, har aka fara maganar rufe ɗakin bincikenta. Ba ta sake wa abin suna ba. Tana kwance, ciwo ya ci ƙarfinta, sai ɗalibarta, Dakta Roseline Tobiya, ta kammala awon zafin na ƙarshe, sakamako ya fito yadda ta faɗa, waɗanda suka musa suka sallama, kuma ta ji wannan albishir da kunnenta.

Kin hau dutse, kin kafa tuta,
Sannan Mai Sama ya ce ki huta.

Muna roƙon Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta, ya ba maigidanta, Alhaji Saleh, da 'ya'yanta da jikokinta juriyar wannan babban rashi. Muna kuma shaida wa ɗalibanta, Musulmi da Kirista, cewa ɗakin bincike na nan buɗe ƙarƙashin Dakta Roseline, kuma bayan addu'ar bakwai kowa ya koma bakin aikinsa.

Malam Suhail Abbo Sembe,
Kakakin Ƙungiya.