Neman sawun ƙanƙara a dutsen Riruwai

Assalamu alaikum, Sagiru ɗana. Yaya sanyin can, yaya karatu, yaya Hajara da jinjiri? Mu nan lafiya lau, ban da ƙafata ta hagu, kuma hotonka ne ya ja mata.

Ka tuna hoton tafkin nan na kan dutse da ka turo? Ka ce ƙanƙara ce ta ƙwaƙule shi lokacin da duniya ta yi sanyi, ta jibge duwatsu a bakinsa, sannan ta narke. To, ni da na tsaya a aji huɗu, sai na hau dutsen Riruwai neman sawunta. Tsohon ramin kuza na samu, na kuma zame a bakinsa. Jauro Bello mai kiwo ne ya goyo ni kamar jariri.

A hanya na ba shi labarin don in rage kunya. Bai yi dariya ba. Ya tsaya a rafin da kuke wanka kuna yara, ya nuna mini zanen da ruwa ya bari a jikin dutse, ya fi tsayinsa, ga rafin yanzu iya idon sawu. Ya ce, "Malam Sule, in ƙanƙara ta bar dutse, ruwa ma zai bar mu ke nan? In sayar da shanun, ko in jira?"

Na bugi ƙirji na ce ɗana zai faɗa. Tun ranar na kasa sukuni.

Babarka tana gaishe ku. Ka gaida Hajara, ku sa mu a addu'a. Amma ka turo amsa, ko ba daɗi. Duk ran da Jauro ya zo duba ƙafa, bakina yake kallo.

Babanka,
Sule