Gaisuwa Ta Kusa Cinye Mini Tambayata

Laraba, bayan isha'i

Yaya Hajo, Allah ya jiƙan ki, da kin ga ƙanwarki yau! Ƙungiyar mata ta kai mu Maradi, mu uku daga ƙasar Gidan Rumji, muka zauna cikin 'yan kallo, 'yan takarar depite, wato ɗan majalisa, su huɗu suna gardama ana ɗauka a tele.

Tambaya guda na riƙo tun gida: yaushe za a yi muna ɗakin haihuwa? Ɗiyata Rabi cikinta wata bakwai, ban son ta hau amalanken jaki irin wanda kika cika a kai, kan hanyar likita.

Ɗan jaridar da ke jagorantar gardamar ya ce minti guda gare ni. To ni yaya zan jefa ma manyan mutane magana ba gaisuwa? Na durƙusa na bi su ɗai-ɗai: ina wuni, ina gajiya, ina iyali. Ina kan na uku ya ce, "Inna, lokaci ya ƙare." Aka fashe da dariya. Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai na huɗun, wani mai furfura, ya ce, "A'a, ni ba a gaishe ni ba tukuna. A ba ta cikin lokacina." Na miƙe na faɗi komi, har sunanki. Biyu cikin 'yan takarar suka rubuta sunan garinmu, da idona na gani.

Alkawarin ɗan siyasa na san shi. Amma daga yau ba wanda zai ce bai ji ba.

Ana buga ƙyaure, muryar matan unguwa ce, sun zo jin labarin Maradi. Bari in buɗe.