Iya Ta Saya Masa Takalmi, Ni Kaɗai Na San Ba Zai Taka Ba

Assalamu alaikum masu wannan shafi da ku masu karatu. Ku sakaya sunana. Mai niyyar zagina ya bari ya kai ƙarshe tukuna, don Allah.

Ni 'yar Damagaram ce, a Birni aka haife ni, kuma duk unguwarmu an san ni da faɗa wa mutum magana a fuskarsa. Ban shiga lakwal ina yarinya ba, sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga karatun manya, na iya rubutu, na tsinci Faransanci daidai gwargwado. Maigidana magini ne. Ya faɗo daga saman gini ta baya, tun lokacin sanyi muke asibiti, ga shi har zafi ya shigo. Lokotoron da ke duba shi daga yamma ya zo, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, ni ce tafinta. Ranar da ya duba hoton bayan ya ce mini jijiyar ta yanke, ƙafafun nan ba za su sake ɗaukarsa ba, a fara koya masa zama a keken guragu tun yanzu kafin kwanciya ta ci masa baya. Maigida yana kallon bakina. Ya ce, "Me ya ce?" Na ce, "Ya ce sai haƙuri, da sannu za ka tashi." Haka kawai ta fito, muryata ko rawa ba ta yi ba. Ma'aikatan ɗakin sun ɗauka na gaya masa, shi kuma ba ya tambayar kowa komai sai ni.

Sai ga Iya, mahaifiyarsa, ta zo daga Garagumsa tare da yayarsa. Tana ajiye ƙunshinta ta ce ba za ta koma ba sai ta gan shi tsaye. Iya kuwa ba ta raga wa kowa da tambaya. Duk Alhamis lokotoro yake zagayen marasa lafiya, da majo, ma'aikacin jinya Bahaushe, a gefensa, na san in ta tare majon nan magana ta ƙare. Shi ne na ce, "Iya, a ce kin zo Damagaram ba ki ga komai ba sai bangon asibiti? Ku tashi in kai ku gari." Tun daga nan kowace Alhamis muna cikin adaidaita. Na kai su ƙofar fada, Yaya ta ɗauke mu hoto, in kun ga haƙorana a hoton nan sai ku ce biki muka je. Na zaga da su lungunan Birni suna shafa zanen bangon tsoffin gidaje. Na kai su Zango, na kai su lambunan Mirya. A gindin duwatsu Yaya ta ce, "Ke ƙanwata, wa ya ɗora wannan ƙato kan ɗan'uwansa?" Iya ta ce, "Wanda zai ɗaga mini ɗana." Na ce amin tare da su. Ina jira in ji wani abu ya soke ni a ƙirji, ban ji ba. Yunwa ma na ji, na saya mana gyaɗa.

Wace irin mace ce ni? Ina kaifin bakin nawa ya tafi? A kasuwar Dole Iya ta ja ta tsaya wurin dukawa, ta ɗauki takalmin fata ta auna da tafin hannunta. Baduku ya ce, "Hajiya, a kawo mai ƙafar ya gwada mana." Ta ce, "Ni na haifi ƙafar, ɗan nan, kai za ka gaya mini?" Aka yi dariya. Ta juyo ta ce, "'Yar nan, ja ko baƙi? Ke kika san mijinki." Na ce ja. Ni na zaɓa, ni na yi cinikin, ni na riƙo ledar har asibiti.

Yanzu takalmin yana kan taga, shi ya ce a sa masa inda zai riƙa ganinsa. Da aka kawo keken ya kira ni ya ce, "Mayar musu su bai wa mai buƙata, ni ai na ɗan lokaci ne." Na tura shi waje na ce musu bai shirya ba. Shekaranjiya ina juya shi na ga gyambo ya buɗe masa a ƙugu, irin wanda lokotoro ya yi mini gargaɗi a kansa. Na wanke, na rufe, na je na ɗora shayi.

Wuraren sun ƙare, babu inda ban kai su ba. Jiya Iya ta ce, "Kin mai da mu Nasara masu yawon kallo, ƙafata ta gaji. Alhamis ɗin nan ba inda za ni. Zan zauna in yi wa lokotoro godiya, majo ya tambayar mini ranar da ɗana zai sa takalminsa."

Ba tonon asirina nake tsoro ba, wallahi wannan ko a jikina. Bayansa ne ke ruɓewa saboda maganata, kuma bakina kaɗai ya yarda da shi a duk asibitin nan. In gaya masa da kaina kafin Alhamis, ko in fara da tsohuwar, ko in bari su ji daga bakin majo ina tsaye? Takalmin fa, in ɗauke ko in bar shi a tagar?

Me zan yi?