Takardar da Ke Ƙugun Safara'u

Riyad, 3 ga Maris, 1997

Yaya Lantana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ina tambayar jikin matata Safara'u, tunda ta koma jinya wajen mahaifiyarta a Rogo.

Dashen hantar ya kama, amma likita ya ce hanyar da ruwan matsarmama ke bi ta tsuke a wurin ɗinki, shi ya sa aka sa mata 'yar siririyar roba a ciki. Robar ba ta wuce wata uku, dole a dawo nan a canja ta. Idan ta toshe, hantar ce za ta lalace. Akwai takardar likita a jakarta, da ita za a nemi bizar dawowa. Don Allah ki kai ta Kano da kanki.

Ƙaninki, Aƙilu

Karaye, 9 ga Afrilu

Aƙilu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai zafi. Wasiƙarka ta yi wata a hanya, kamar da ƙafa ta zo.

Ba zan ɓoye maka ba, na je Rogo na dawo gabana yana faɗuwa. Idon matarka ya yi rawaya, tana ta susa, ga zazzaɓi. Surukarka Inna Rekiya ta ce ciwon shawara ne, tana ta jiƙa sassaƙe. Takarda kuwa, na zazzage jaka har aljihu, babu ita. Na tambayi Safara'u, sai ta sunkuyar da kai. Na ce Inna ta tambaye ta, ta ce, "Haba Lantana, 'yar fari ce fa." Ka san su, ko sunanta ba ta faɗa, magana sai ta bakin wani.

Ka aiko da wata takardar, ko da yake ban ga tana da watan jira ba.

Yayarka

Karaye, 14 ga Afrilu

Aƙilu,

Gaisuwa a gurguje, mai tafiya Kano yana jira. An ga takarda!

Na koma Rogo, ina goge wa Safara'u jiki sai na ga sabuwar laya a ƙugunta, daidai tabon aiki. Ashe Inna ce ta ga rubutun Larabci da Bisimilla a sama, ga shi daga ƙasa mai tsarki ya fito, ta ɗauka addu'a ce. Ta kai wa Ilu baduku ya ɗinke, ta ɗaura mata da kanta.

Na so in yi faɗa, na kasa. Tsohuwar ta karɓi reza ta farke fatar, ta ce, "Ashe ni na tare wa yarinyar nan hanya." Ta fita bayan ɗaki, muna jin kukanta.

Gobe za mu nemi biza. Ka yi ta addu'a.

Lantana

Riyad, 2 ga Mayu

Yaya,

Assalamu alaikum. Safara'u ta iso, an canja mata robar shekaranjiya. Tsohuwar robar ta toshe tam. Likita ya ce hantar ta taɓu, sai mun jira mu gani.

Da ta farfaɗo na tambaye ta yadda aka yi ba ta san abin da ke cikin layar ba. Ta ce ta sani tun ranar farko. Ta ce shekararta talatin da ɗaya, ba ta taɓa jin hannun mahaifiyarta a jikinta ba sai ranar da ta durƙusa tana ɗaura mata igiyar nan. Shi ya sa ta kasa cewa a cire.

Ki gaishe da Inna, amma kada ki gaya mata wannan.

Aƙilu