Autan Jirage

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da mai jego da jaririn. Ni ma lafiya lau, sai dai tukunyar da kika bar mini ta ƙone, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Kin tambayi labarin sababbin jiragen saman nan shida da kamfaninmu ya saya. Biyar sun iso. Kin tuna an ba ni na farko in je masana'anta in ɗauko, na ce a bar yara su fara, ni a ajiye mini auta? Kika ce girman kai ne ya sa rigar kirki. To, Auta shiru. Yau a ce kujerunsa ba su iso ba, gobe a ce fenti bai bushe ba. Ni kuwa ƙarshen watan nan shekaruna za su kai inda doka ke karɓe tuƙi daga hannun mutum. Kullum na tashi aiki sai in zagaya bayan rumfar gyara in ƙirga wutsiyoyi, kamar makiyayin da akuyarsa ta ɓata. Biyar dai. Makanikai har sun daina yi mini dariya, wannan ya fi damuna.

Ki shafa mini kan angon naki.

Naki,
Tsohon direban sama

Uwar 'ya'yana,

Ina gaisuwa, ya jikin 'yar tamu? An turo mu masana'anta, ni da yarinyar nan da na koya wa tuƙi, wadda kike cewa ta fi ni natsuwa. Na ga Auta da idona. Na shafa cikinsa, na shiga na zauna, ƙamshin sabon abu har cikin kai. Amma a gwajin ƙarshe wata fitila ta kama a gaban matuƙi, injiniyoyi suka ce ba mai sa hannu a sallami jirgin sai sun gano dalili. Da gaskiyarsu, ni ma haka na koya wa yara. Duk da haka na tsinci kaina ina bin babbansu har bakin ɗakin cin abinci, ina tambayarsa ko yau ne. Ya dube ni yadda nake duban fasinja mai gaggawa. Ranar ajiye tuƙina tana matsowa, ki sa ni a addu'a.

Naki,
Direba

Uwar 'ya'yana,

Ina fatan kowa lafiya. An sa hannu washegarin ranar haihuwata. Kada ki ce komai, na riga na faɗa wa kaina.

Kamfani ya turo wani matuƙi ya zauna a dama, yarinyar ta hau kujerar hagu, wadda na saba zama. Kafin ta rufe ƙofar ɗakin tuƙi ta leƙo ta ce, "Baba, zaɓi kujerar da kake so, duk naka ne." Ni kaɗai ne fasinja, kujeru duk da ledarsu. Na zaɓi ta taga. Ashe haka fiffike yake lanƙwashewa, ku kuna gani shekara da shekaru ba ku faɗa mini ba! Da muka zo sauka sai ga ƙafafuna suna ta danna ƙasa suna neman birki. Ta ajiye shi sumul, ko shayin da ke gabana bai motsa ba. Motocin kashe gobara suka yi mana feshin maraba, aka ce rabi na Auta ne, rabi nawa. Da yamma na zagaya na ƙirga. Shida.

Kin sha yi mini gori cewa tunda muka yi aure ban taɓa zama kusa da ke a jirgi ba. An sa Auta a hanyar garin da kike. Zan zo in ɗauke ki. Taga taki ce, amma idan muka zo sauka ki riƙe mini gwiwa.

Naki har kullum,
Sabon fasinja