Zazzaɓin da Ake Jira

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa.

Na samu saƙonki cewa mu ɗauke Baba daga asibiti tunda ƙwayoyin cuta za a zuba masa a ƙirji. Yaya, ki gafarce ni, ban bi maganarki ba, kuma ban yi nadama ba. Kin san ciwon dajin nan ne ke tara masa ruwa a kewayen huhu. Sau uku ana zuƙewa, ba a kwana goma ya dawo, Baba yana haki ko magana ba ya ƙarasawa. Likitar ta ce ƙwayoyin matattu ne, aikinsu su tsokano garkuwar jiki, fatar huhu ta manne da bangon ƙirji, ruwa ya rasa wurin taruwa. Ni dai kaina ya ɗaure, amma Baba, da yake tela ne, ya ce ai shafi za a haɗa da riga, a kawo takarda ya sa hannu.

Aka zuba masa su, washegari zazzaɓi ya rufe shi. Inna ta haɗa kwanuka, ta rantse gida za mu tafi, ta ce ke kaɗai ce mai hankali a cikinmu. Sai da nas ta zaunar da ita, ta ce dama suna jiran zazzaɓin, jiki ne ya tashi aiki. Kwana biyu ya sauka.

Ba zan ɓoye miki ba, dajin yana nan, ana ci gaba da maganinsa. Amma sati huɗu ke nan ruwan bai dawo ba. Jiya da la'asar na leƙa ɗakinsa, na tarar ya ture kujerar da yake salla a kai, goshinsa a ƙasa. Ya daɗe bai ɗago ba, ni kuwa na tsaya bakin ƙofa ina kukan daɗi.

Ki gaida maigida, da Gwaggo, da 'yar autarki. Baba ya ce ki kira shi, yanzu yana da numfashin yi miki faɗa da kansa.

Taki har kullum,
Ƙanwarki